Ɗan Gidan Wa? Abotar Yara a Intanet, Daga Withington

A ƙasar Hausa, idan yaro ya shigo gida da sabon aboki, tambayar farko ɗaya ce: ɗan gidan wa? Idan aka ambaci gidan da aka sani, sai a ƙaro tuwo. Idan aka shiga kame-kame, uwa ta fara sa ido. Tambayar ta biyo iyalai har Ingila, sai dai a can ta rasa mai amsa ta. Uwa a Withington, unguwar da ke kudancin Manchester, za ta ji ɗanta a ɗaki yana ihu yana dariya, abin sauraro maƙale a kunne, yana kiran sunayen da ba ta taɓa ji ba. Ta leƙa ta ce, "Kai da wa kake ta surutu haka?" Ya ce, "Abokina ne, Umma." Ta ce, "Ɗan gidan wa?" Yaron ya yi turus, domin shi kansa bai san sunan yankan abokin ba, balle gidansu.

Daga nan ruɗani ke tashi. Wasu iyayen sun yanke cewa duk wanda aka sani ta waya mugu ne, maganin kawai a ƙwace wayar. Wasu sun ji an ce Birtaniya ta kafa doka mai tsauri, sai suka miƙe ƙafa. Akwai kuma waɗanda ke ganin alamun matsala ƙuru-ƙuru amma suna tsoron buɗe baki, kada hukuma ta shigo musu gida. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, ya saki sauran.

Aboki, mabiyi da sanin shanu

Hausa ba ta zuba mutane a kwando ɗaya. Akwai aboki da ƙawa, akwai amini wanda ake ba shi sirri, akwai tsara da aka tashi tare, akwai abokin tafiya da ake rabuwa da shi a tasha, sannan akwai wanda aka yi wa sanin shanu, ka san fuska ba ka san hali ba. Manhaja, wato shirin da ake saukewa a waya irin su Snapchat, TikTok, Instagram, Discord da Roblox, ta haɗe waɗannan matakai duka a ƙarƙashin kalma ɗaya. Wani ya turo buƙatar abota, yaro ya danna, shi ke nan ya zama "aboki". Mabiyi kuwa shi ne wanda ya zaɓi ya riƙa ganin abin da kake wallafawa, ko ka san shi ko ba ka sani ba. Yarinyar da ke da ɗaruruwan mabiya tana iya rasa mutum uku da za ta kira in ta shiga damuwa.

Sai kalmomin haɗari, waɗanda wasiƙun makaranta ke zuwa da su cikin Turanci, iyaye su karanta su wuce. Ta farko ita ce gurumin. Asalinta sharce doki ne da gyara masa jiki, amma a nan tana nufin hilata: babba, ko wanda ya fi yaro wayo, ya bi shi a hankali da yabo da kyauta da saurare har ya mallaki zuciyarsa, don ya yi lalata da shi, ko ya sa shi aikata laifi. Tun watan Afrilun 2017, a Ingila da Wales, babba ya aika wa ɗan ƙasa da shekara 16 saƙon batsa laifi ne mai zaman kansa, ko da ba su taɓa haɗuwa ba, kuma hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara biyu. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC ta tattara alƙaluman 'yan sanda ta gano an rubuta irin wannan laifi 7,062 a shekarar 2023 zuwa 2024, kuma a inda aka san manhajar da aka bi, kusan rabi ta Snapchat ne.

Ta biyu katfishin, wanda mu muka sani da sojan gona: mutum ya ari hoto da suna da shekarun wani. Ta uku sekstoshon, wato a yaudari mutum ya turo hoton tsiraicinsa, sannan a ce ya biya kuɗi ko a tona masa asiri. Ta huɗu cin zali ta intanet, kuma shi yawanci ba daga baƙo yake fitowa ba. 'Yan aji ɗaya ne za su buɗe zauren WhatsApp su ware mutum guda su yi ta yi masa ba'a har tsakar dare.

Me ya kai yaron can tun farko?

Wanda bai zauna a arewacin Ingila ba zai yi wuya ya gane irin kaɗaicin da ke cikin gidajenta. A watan Disamba rana na faɗuwa a Manchester kafin ƙarfe huɗu na yamma. Yaro ya sauko daga bas a titin Wilmslow cikin duhu da yayyafi, ya shige gida ya rufe ƙofa. Babu dandali, babu ƙofar gida da ake shimfiɗa tabarma, babu maƙwabciyar da za ta aike shi, ta kuma tsawata masa in ya yi ba daidai ba. Maganar "ɗa na kowa ne" ba ta aiki a layin da kowa ya ja labulensa. Iyaye kuma, musamman waɗanda suka zo a 'yan shekarun nan da bizar karatu ko ta aikin jinya da kula da tsofaffi, suna kan aikin karɓa-karɓa, wani ya dawo da asuba wani ya fita. Haka abin yake a Withington da Fallowfield da Rusholme, haka yake a Small Heath da Sparkbrook na Birmingham.

Yaron da aka ɗauko daga Kano ko Kaduna yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya bar tsararrakinsa gaba ɗaya a rana guda. Ya shiga aji inda ake dariyar yadda yake furta Turanci. A cikin wasan Fortnite ko Roblox ko na ƙwallo kuwa, ba ruwan kowa da lafazinsa muddin ya iya wasan. Nan ne dandalinsa. Hukumar sadarwa ta Ofcom ta ba da rahoto a 2024 cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan shekara 5 zuwa 7 a Birtaniya suna da babbar waya tasu ta kansu, kuma kafin shekara 11 tara cikin goma suna riƙe da waya. Wanda aka hana ya shiga wannan fili gaba ɗaya, an ware shi daga inda 'yan ajinsu ke shirya komai, daga aikin gida har zuwa wasan Asabar.

Kuma a faɗi gaskiya, alherin ba kaɗan ba ne. Da wayar nan yarinya ke hira da 'yar gwaggonta a Zariya har Hausarta ta ƙi gudu. Da ita ake biya wa yara karatun Alƙur'ani daga malamin da ke Katsina. Mafi yawan waɗanda yaro ke hira da su kullum 'yan makarantarsu ne da 'yan'uwa.

Mutanen Withington sun ga fuskokin intanet biyu a bango ɗaya. A titin Copson akwai babban zanen ɗan ƙwallon Ingila Marcus Rashford da mai zane Akse ya yi a 2020. Daren 11 ga Yulin 2021, bayan Ingila ta sha kashi a hannun Italiya a bugun fenariti, aka yi wa Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka ruwan zagin wariyar launin fata a shafukan sada zumunta, aka kuma ɓata zanen da rubutun cin mutunci. Cikin kwanaki kaɗan, ta hanyar shafukan nan dai, labari ya bazu, jama'a suka yi ta zuwa suna manna takardun ƙauna har suka rufe gindin bangon, yara na cikin masu rubutawa. Duk yaro baƙar fata da ke unguwar a lokacin ya ga abin da baƙi za su iya yi masa, ta kowane ɓangare.

Yadda tarkon ke aiki

Labarin Breck Bednar ya cancanci a tsaya a kansa, saboda ya rushe hoton da iyaye ke da shi na tsoho mai mugun nufi a bayan kwamfuta. Breck ɗan shekara 14 ne a garin Caterham da ke Surrey, yaro mai ƙwazo daga gida mai kulawa. Ya shiga wani rukunin masu wasan kwamfuta tare da abokansa na zahiri. Mai riƙe da rukunin, Lewis Daynes, shekararsa 18 kacal, yana kuma ba su labarin cewa shi babban injiniyan kwamfuta ne mai hulɗa da manya. Mahaifiyar Breck, Lorin LaFave, tana jin muryarsa daga ɗakin ɗanta, ta lura yaron ya fara ja da baya daga gida, komai sai ya ce Lewis ya ce. A Disambar 2013 ta kira 'yan sanda ta faɗi damuwarta, ba a ɗauki matakin da ya dace ba, abin da rundunar ta nemi afuwa a kansa daga baya. Iyaye suka hana hulɗar. Sai Daynes ya aika wa yaron wata waya a ɓoye. A Fabrairun 2014 ya biya masa kuɗin tasi zuwa gidansa a Grays da ke Essex, ya kashe shi. An yanke masa ɗaurin rai da rai a Janairun 2015, mahaifiyar kuma ta kafa Breck Foundation da ke zagaya makarantu.

Mai hilata ba ya fara da batsa. Yakan fara da abin da yaro ke ƙishirwa: a yaba masa, a saurare shi, a ba shi kyautar kuɗin wasa irin su Robux. Daga nan ya ce su bar cikin taro su koma inda saƙo ke gogewa da kansa. Daga nan ya fara sa ƙiyayya tsakaninsa da gida: "Iyayenka ba su fahimce ka ba, sun takura maka." Matakin ƙarshe kafin ɓarna shi ne sirri: "Kada ka faɗa wa kowa." Ga yaran gidajen Hausawa, kura na iya zuwa da fatar akuyar gida. Ya yi sallama cikakkiya, ya sako Hausa, ya tambayi lafiyar Hajiya, ya ce wa budurwa da aure yake nufi, zai turo magabata in ta gama makaranta. Wani kuma da rigar malanta zai zo, ya fara da tunatarwa ya ƙare da raba yaro da masallacin unguwa da iyayensa. Yare ɗaya da addini ɗaya ba shaidar asali ba ne. Masu dogon tunani za su tuna Cynthia Osokogu, wadda a 2012 waɗanda ta sani a Facebook suka gayyace ta Legas da sunan kasuwanci suka kashe ta a otal, ita kuwa ba yarinya ba ce, ta haura ashirin.

Sekstoshon shi ba ya ɗaukar watanni. Asusu mai hoton kyakkyawar yarinya ya bi saurayi, ya bi abokansa da 'yan'uwansa don ya san wa zai yi masa barazana da su, a yi hira mai daɗi, a turo hoto, a nemi nasa. Da ya tura, murya ta canza nan take: ga jerin sunayen danginka, turo kuɗi cikin minti goma. Samari aka fi kamawa da wannan, abin da ya saɓa wa tunanin iyayen da ke tsaron 'ya'ya mata su bar maza sakaka. Jordan DeMay, ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka, ya kashe kansa a Maris 2022 cikin 'yan sa'o'i da fara irin wannan hira. Murray Dowey, ɗan shekara 16 a Dunblane ta Scotland, haka ya rasu a Disambar 2023. A Afrilun 2024 hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Birtaniya, NCA, ta aika gargaɗi na musamman ga malaman makarantu a faɗin ƙasar.

Akwai ɓangaren da ba ya mana daɗin ji. Waɗanda suka yaudari Jordan 'yan'uwa biyu ne daga Legas, Samuel da Samson Ogoshi, aka miƙa su ga Amurka a 2023, aka ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi a Satumbar 2024. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke da alaƙa da wannan sana'a. Ke nan yaro ɗan asalin Najeriya a Manchester na iya faɗawa tarkon da aka ɗana daga ƙasar kakanninsa, sannan gobe a aji a yi masa gori da sunan 'yan Yahoo.

A manyan birane irin Manchester da Birmingham akwai ƙarin wata hilatar, ta 'yan ƙwaya da 'yan damfara, masu tallan "kuɗi cikin sauƙi" a Snapchat, su ce yaro ya kai saƙo wani gari ko ya ara musu asusun bankinsa.

Kunya ce jarin mai barazana

A nan ne batun ya fi shafar gidan Bahaushe. Kunya ado ce a tarbiyyarmu, ita ke hana yaro abubuwa da yawa. Amma mai sekstoshon ba shi da makamin da ya wuce ta. Hoton da ke hannunsa ba shi da wata daraja sai gwargwadon tsoron da yaron ke yi kada Baba ya gani, kada labari ya kai zauren WhatsApp na dangi, kada a ce ya zubar da mutuncin gida. Duk gidan da yaro ya tabbata cewa asirinsa in ya tonu ya shiga uku, a gidan ne barazana ta fi ci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan ita ce tazarar da ke tsakanin abin da ya sami yaro da wanda zai iya faɗa wa.

Al'adarmu ta san da wannan tazara, ta kuma yi mata tanadi. Uwa na kunyar ɗan fari, ba ta ma kiran sunansa. Uba ba abokin hira ba ne. Shi ya sa aka bar ƙofar kaka a buɗe, da ta gwaggo da kawu da yaya, waɗanda ake wasa da su, ake faɗa musu abin da ba ya faɗuwa a gaban iyaye, su kuma su san yadda za su isar da shi. Hijira ta ɗauko uwa da uba da kunyarsu, ta baro kaka da gwaggo a gida. Wannan giɓin ne baƙon intanet ke cikewa, kuma ba a cika maganarsa ba idan ana lissafa saitin waya.

Abin da doka ta yi, da inda ta tsaya

Dokar Kare Lafiyar Masu Amfani da Intanet ta Birtaniya ta samu sa hannun Sarki a ranar 26 ga Oktoban 2023. Mutuwar Molly Russell, 'yar shekara 14 daga Harrow, a 2017, da binciken 2022 da ya tabbatar cewa abubuwan da ta riƙa gani a intanet sun taimaka wajen ajalinta, suna cikin abin da ya tura dokar gaba. Ofcom ce ke aiwatar da ita, tana kuma iya cin tarar kamfani fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na duniya, duk wanda ya fi yawa. Daga 25 ga Yulin 2025 aka wajabta tantance shekaru a shafukan batsa da makamantansu, aka kuma ɗora wa kamfanoni gyara algoridim, wato lissafin da ke zaɓo wa mutum abin da zai gani na gaba. Instagram ta fito da asusun matasa a Satumbar 2024, wanda ke zuwa a rufe, kuma ɗan ƙasa da 16 ba ya sassauta shi sai da izinin iyaye.

Duk wannan kariya ta rataya ne a kan shekarun da manhaja ta ɗauka yaron yana da su. Mafi yawansu 13 ne mafi ƙarancin shekarun shiga, har da WhatsApp da ta sauko daga 16 a 2024. Idan aka buɗe wa ɗan shekara goma asusu da ranar haihuwar babansa, ko aka miƙa masa tsohuwar wayar Umma da asusunta a ciki, an tuɓe masa rigar da doka ta ɗinka. Sannan doka kamfani take kamawa. Ba ta zaune a cikin hirar mutum biyu.

Sai tsoron hukuma. Ana yawan ji a majalisun 'yan Afirka cewa da ka kai ƙara, ma'aikatan jin daɗin jama'a za su ɗauke maka yara. A ƙarƙashin Dokar Yara ta 1989, raba yaro da iyayensa ba da yardarsu ba sai da umarnin kotu, ko kariyar gaggawa ta 'yan sanda da ba ta wuce sa'a 72, kuma sai an ga haɗarin cutarwa mai tsanani. Uban da ya kai rahoton cewa wani na hilatar 'yarsa, abin da ake so ya yi ke nan. Karɓe waya ko sa mata lokaci haƙƙin iyaye ne. Abin da ke jawo bincike shi ne dukan da ya bar tabo, wanda kuwa shi ne abin da fushi ke fara kawowa a irin wannan rana. Haka kuma, ko da yake hoton tsiraicin ɗan ƙasa da 18 haramun ne a doka ko da shi ya ɗauki kansa, hukuma na ɗaukar yaron da aka yi wa barazana a matsayin wanda aka zalunta.

A hana ko a koyar?

Masu cewa a jinkirta ba yaro babbar waya suna da ƙarfi yanzu. Littafin Jonathan Haidt na 2024, The Anxious Generation, ya danganta taɓarɓarewar lafiyar ƙwaƙwalwar matasa da yaɗuwar manyan wayoyi. A shekarar ne wasu iyaye mata biyu, Daisy Greenwell da Clare Fernyhough, suka fara ƙungiyar Smartphone Free Childhood, inda iyayen makaranta ɗaya ke alƙawarin ba za su ba da babbar waya ba sai shekara 14, shafukan sada zumunta kuma sai 16. Hikimar a nan ita ce haɗin kai, don kada yaro ɗaya ya zama saniyar ware. Ostireliya ta wuce nan, ta haramta shafukan ga 'yan ƙasa da 16 daga 10 ga Disambar 2025, aka kuma yi ta muhawarar bin sahunta a majalisar Birtaniya.

A ɗaya gefen akwai bincike daga biranen nan biyu. Jami'ar Birmingham, ƙarƙashin Victoria Goodyear, ta duba ɗalibai 1,227 a makarantu 30, ta wallafa a Fabrairun 2025 cewa hana waya a makaranta kaɗai bai nuna bambanci a lafiyar ƙwaƙwalwarsu ba, ko da yake yawan daɗewa a kan waya na tafiya tare da ƙarancin barci da raunin karatu. Masu bincike a Jami'ar Manchester, ta shirin #BeeWell, sun bi yara kimanin 25,000 na yankin tsawon shekara uku, ba su ga shaidar cewa yawan sa'o'i shi kaɗai ke haifar da damuwa ba. Shi kansa Ian Russell, mahaifin Molly, ba ya goyon bayan haramci na bai ɗaya, yana ganin zai sauke wa kamfanoni nauyin gyara, ya kuma tura yara lungunan da suka fi duhu.

A gidajenmu akwai ra'ayi na uku da ba ya shiga jarida: a mayar da yaro gida, makarantar kwana ko wajen kawu. Wani lokaci yakan yi amfani. Amma intanet ɗin da ke Withington ita ce a Kano, kuma abin na iya zama shari'a, kamar yadda aka gani lokacin da wani yaro ɗan Landan ya kai iyayensa kotu don sun kai shi makaranta a Ghana.

Idan aka auna, jinkirta babbar waya ga ɗan firamare abu ne mai ma'ana, bai kuma cutar da kowa ba. Ga ɗan shekara 14 kuwa, labarin Breck ya nuna iyakar hani: an rufe ƙofa, waya ta shigo ta taga.

A mayar da zaure

Gidan Bahaushe na da zaure saboda baƙo ya tsaya a inda ake ganinsa kafin a san ko zai wuce ciki. Shi ne abin da waya ta rushe, tana kai baƙo har kan gado. Mayar da shi ba ya buƙatar ilimin kwamfuta. Na'urar wasa ta zauna a falo, a riƙa jin muryoyin wani lokaci. Waya ta kwana a waje, ta yara da ta manya, domin yawancin hirar da ke lalacewa cikin dare ake yin ta. Asusu ya kasance a rufe. A kashe taswirar Snapchat da ke nuna inda yaro yake, a kuma lura cewa hoto cikin rigar makaranta mai tambari ya riga ya faɗa wa baƙo ƙofar da zai tsaya ƙarfe uku da rabi.

Tambayar ɗan gidan wa kuma sai a sake mata fasali: a cikin mutanen da muka sani ido da ido, wa ya taɓa ganinsa? Idan akwai, ya matso kusa da aboki. Idan babu, abokin wasa ne kawai, a yi wasa da shi a cikin taro, ba a ba shi adireshi, ko hoto, ko sirri. Kiran bidiyo da a da ake ɗauka hujja ya rage ƙarfi, tunda fasahar ƙirƙirarriyar basira na iya sauya fuska da murya. Abin da ya fi amfani shi ne yaro ya san alamun hali, waɗanda ba sa canzawa ko manhaja ta canza: kyauta ba dalili, gaggawa, neman a koma gefe, zugi a kan iyaye, da neman a ɓoye. Idan abota ta yi ƙarfi har ana son haɗuwa, kuma hakan na faruwa lafiya, a yi ta da rana, a wurin jama'a irin ɗakin karatu na Withington ko filin Platt Fields, babba na tare, bayan iyayen ɓangarorin biyu sun yi magana.

Leƙen waya a ɓoye yana da tsada. Ranar da yaro ya gano, zai buɗe asusu na biyu. Ga ƙanana, manhajojin kulawa irin su Family Link da Screen Time suna da amfani idan an sa su da saninsa. Ga manya, ya fi kyau a nema musu gwaggon aro: wata aminiyar Umma, yayan da ke jami'a, malamar Islamiyya mai sauƙin kai, a kuma faɗa wa yaron a fili cewa an yarda ya kai mata abin da ba zai iya kawowa gida ba.

Idan abin ya riga ya faru

Kada a biya, domin wanda ya biya sau ɗaya za a dawo masa. A daina amsawa, a ɗauki hoton saƙonnin da sunan asusun kafin a toshe shi, kada a goge komai, kada kuma a tura wa kowa hoton yaron ko da da sunan neman shawara. A kira 101, ko 999 in akwai haɗari a take, ko a kai rahoto ga CEOP, sashen kare yara na NCA. Kowace makaranta a Ingila na da jami'in kare ɗalibai da aka naɗa don irin wannan. Childline na amsa yara kyauta dare da rana a 0800 1111, kuma tare da Internet Watch Foundation suna da tsarin Report Remove, wanda ke ba hoton wata lamba ta musamman kamar zanen yatsa don kamfanoni su gane shi su cire. A daren farko kada a bar yaron shi kaɗai. Faɗa na iya jira zuwa wani makon.

Baƙon da ba shi da gida sam

Wani sabon aboki ya shigo wanda dokokin nan ba a rubuta su da shi a zuciya ba: na'urar hira mai kwaikwayon mutum, wadda ba ta gajiya, ba ta barci, ba ta musu. A Oktoban 2024 wata uwa a Florida, Megan Garcia, ta kai kamfanin Character.AI kotu bayan mutuwar ɗanta mai shekara 14 da ya shaƙu da irin wannan na'ura, kuma a ƙarshen 2025 kamfanin ya rufe wa 'yan ƙasa da 18 hirar da ba ta da iyaka. Ga yaron da ke kaɗaici a ɗaki a watan Disamba, jan hankalinta a fili yake. A Snapchat, tun 2023, akwai My AI zaune a saman jerin abokan hira, sama da sunan ɗan ajinsu da na 'yar gwaggonsa ta Zariya.